Gwangwanin Baba Sule

Ba zan taɓa mantawa da watanni ukun da na yi a Kurfi ba, kuma ba don ban yi ƙoƙarin mantawar ba. Har yau in na ji ƙarar injin niƙa sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Lokacin ina aji uku a jami'a a Dutsin-Ma, ina karatun Turanci da koyarwa. A shekarar aka koya mana adabin Ingila na tsohon zamani, na shekaru ɗari shida ko fiye da suka wuce, darasin kuwa ya hau mini kai. Malaminmu ya ce marubutan lokacin sun kasa jama'a gida uku: masu addu'a, masu yaƙi, sai masu aiki da ke ciyar da sauran biyun. Kowane mai sana'a kuma da halin da aka liƙa masa, yana shigowa labari ka san abin da zai aikata. Jarumi mai doki da sulke mutunci gare shi. Manomi sai haƙuri. Malamin coci in ka ga ya yi ƙiba, to tukunya ta fi ibada shiga ransa. Mai niƙa kuwa, duk labarin da ya leƙa, ɓarawon hatsi ne: a kawo masa buhu cike, a koma da gari da ragi.

Malamin ya ƙara da cewa marubutan kansu sukan yi wasa da waɗannan halaye, kada mu ɗauke su kamar karatun allo. Wannan jimlar ban rubuta ta ba (ina jin lokacin birona ya ƙi yi, ko kuma kaina ne ya ƙi). Na fito da ma'auni a hannu, duk wanda na gani sai na auna shi. Direban mota, mai shayi, ɗan sanda a bakin hanya, kowa na ba shi gida. Har mahaifina na jefa gida na uku, ban dai gaya masa ba.

Da aka tura mu koyarwar gwaji, sai na faɗa wata sakandare a Kurfi. Kawuna ya haɗa ni da wani amininsa, Baba Sule, dattijo mai injin niƙa a ƙofar gidansa. Ya ba ni ɗaki kyauta a gefen zaure, kullum kuma sai an miƙo mini kwanon tuwo daga cikin gida. Mutum ne siriri, mara yawan magana, gemunsa fari fat, ban taɓa rarrabe furfura da gari a cikinsa ba. Injin nan shi ne gonarsa, shi ne shagonsa. Ba kuma ƙarfin injin ke kawo masa mutane ba, don akwai sabo a bayan kasuwa da ya fi nasa sauri. Amana ce. Mata da yara sukan jere kwanoni da robobi a layi su tafi harkarsu, su dawo su tarar da garinsu a rufe.

Tagar ɗakina tana kallon layin kwanonin, amma injin kansa bango ya kare mini shi. Wata safiya ina ɗaura agogo sai na ga Baba Sule ya fito, ya duƙa kan kwanon da ke gaba, ya cika wani ɗan gwangwanin madara da gero, ya koma bayan bango. Mai kwanon ba ta nan. Can an jima ya sake fitowa, ya ɗebi na kwano na gaba. Na yi kwana uku ina leƙe, babu kwanon da ya tsira.

Kun san me na ji? Ba baƙin ciki ba. Daɗi na ji, Allah Ya yafe mini. Na ce lallai Turawan nan sun san duniya, ga mai niƙarsu ya tsallako teku da ƙarnuka ya sauka a Kurfi. Na ci tuwon ranar har da suɗe kwano, ina jinjina wa basirata.

Sai ga ranar da Malama Binta, wadda jami'a ta turo ta duba koyarwarmu, ta zo ajina. Na zaɓi darasin da na fi ƙauna. Na zana gidaje uku a allo, na jera jarumi da malamin coci da manomi. Ɗalibai arba'in da wani abu suna kallona kamar ina karanta musu takardar magani. Ɗaya har ya fara gyangyaɗi. Malama Binta tana baya tana rubutu, ni kuwa zufa ta fara bin bayana, don an sha gaya mana malami nagari shi ne mai kawo misali daga inda ɗalibai suke.

"Kada ku ɗauka labarin nesa ne," na ce, na juya Hausa. "Mai niƙa ɓarawo ne a Ingila, kuma ko a garin nan na gani da idona. Ta tagar ɗakina nake kallo kullum, kowane kwano sai an cika gwangwani an yi bayan bango da shi."

Ajin ya farka gaba ɗaya. Mai gyangyaɗi ma ya miƙe zaune. Na yi ta murna, ina cewa a raina ai ban ambaci suna ba (kamar akwai wanda bai san gidan da malamin Turanci mai ɗaura igiya a wuya yake kwana ba). Malama Binta ta ba ni maki mai kyau, ta yaba da yadda na kusanto da darasi ga rayuwar yara. Na kusanto da shi kam, har cikin gidajensu.

Kwana biyu layin kwanoni ya ragu. Kwana biyar ya koma rabi. Injin da ke ruri tun hantsi har la'asar ya koma yin shiru kafin azahar, Baba Sule yana zaune kan benci yana jan carbi. Labarin kuma ya yi ƙiba a hanya: wai malamin Turanci ya ce har a littafin Ingila an rubuta sunan Baba Sule. Tuwona bai fasa zuwa ba. Sai dai na daina suɗe kwano, amma na lallashi kaina da cewa gaskiya ce na faɗa.

Ranar kasuwa na shirya tsaf, farar riga da baƙin wando, zan fita, sai na yi kiciɓis da Inna Delu a bakin zaure. Tsohuwa ce mai fura, ta fi shekara ashirin tana kai niƙa wurin Baba Sule, jikarta kuma tana ajina.

"Kai ne malamin da ya ga sata ta taga?" ta ce.

"Inna, ai ban kira suna ba."

"To ni na kira. Wuce mu tafi."

Ta riƙe hannun rigata kamar ta kamo akuya a gonar wake, ta ja ni har gaban inji. Mata biyar ko shida suna wurin, masu wucewa kasuwa suka fara tsayawa. A karo na farko na ga abin da ke bayan bangon: inji, benci, da buhuna uku ƙanana a jingine.

"Malam Sule, ga shi na kawo maka. Nuna mashi, tunda shi taga ce makarantarsa."

"Haba Delu, ki bar yaro, baƙo ne," in ji shi.

"Baƙon da ya kore maka layi? Wallahi sai ya gani."

Baba Sule ya dube ni, babu fushi a fuskarsa, abin da ya fi mari ciwo. Ya miƙo mini gwangwanin. "To Malam, kai za ka riƙe. Zuba geron Delu."

Na ɗauko kwanonta daga layi na juye cikin injin ta sama, ya ta da inji, gari ya zubo ta ƙasa har ya tsaya. Ya kashe.

"Ya ƙare?" ya tambaye ni.

"Ya ƙare, Baba."

"Sa hannu ciki ka ji."

Na zura hannu ta inda garin ke fita. Ga shi nan danƙare a ciki, ya fi cikin tafi biyu.

"Wannan na wa ne?"

"Na Inna Delu."

"To in na zuba na mai bi mata haka nan, wa zai tafi da shi?"

Na dubi kwanon da ke biye a layi. Ya ce in ɗebo gwangwani ɗaya daga kwano na gaba. Na ɗebo, na zuba, ya ta da inji. Geron ya turo garin da ya maƙale, ya faɗa kwanon Inna Delu.

"Ka gani? Ta baya ta ba ta gaba gwangwani guda, ita ma ta bayanta ta ba ta. Kowa ya tafi da mudunsa cikakke. In gero ya ƙare za a shiga dawa ko masara, sai in tura da nawa, kada in haɗa ma mutane hatsi." Ya nuna buhunan nan uku.

"Ta ƙarshe fa, wa ke ba ta?" Inna Delu ta tambaya da ƙarfi, tana kallon jama'a, ba don ba ta sani ba.

"Ta ƙarshe ai tawa ce," in ji Baba Sule, kamar an tilasta masa tona wani asiri.

Wato mutumin da na tsaya gaban aji na kira ɓarawo, kullum daga buhunsa ake cike na mutane. Na so ƙasa ta tsage. Maimakon haka sai na sunkuya don in ɓoye fuskata, daidai lokacin da ya sake ta da inji, gari ya bulbulo mini tun daga gashi har takalmi. Na ɗago fari fat, ina atishawa. Matan suka fashe da dariya, wata har da riƙe bango. Inna Delu ta ce, "Yanzu ka yi kama da masu littafin naka."

Baba Sule bai yi dariya ba. Ya ciro tsumma yana kaɗe mini kafaɗa, ya tambaya a hankali, ni kaɗai na ji:

"Malam, a littafin naku, akwai ɗan makaranta?"

"Akwai, Baba." (Akwai kuwa: ramamme, littattafai sun fi tufafinsa yawa. Na sha karanta shi, ban taɓa gane fuskar ba.)

"Shi kuma mi yake ɗiba a kwanon mutane?"

Na san amsar. Ni ban ɗebi gero ba. Sunan da dattijo ya yi shekaru yana tarawa na ɗiba, na kai aji na sayi maki da shi.

Na durƙusa a cikin garin nan na roƙe shi gafara, hawaye suna yi mini layi biyu a fuska. Ya ce ya yafe tun ranar da ya ji. Washegari na nemi izinin shugaban makaranta na tsaya gaban taron safe na ce ƙarya na yi, na kuma kwaso ajina gaba ɗaya zuwa bayan bangon, kowa ya zura hannu cikin inji ya ji da kansa. Inna Delu ta ɗauki nata aikin, duk gidan da ta kai fura sai ta ba da labarin malamin da ya yi wanka da gari. Ina jin wannan ya fi jawabina aiki.

Layin ya dawo, amma a hankali, kuma ba duka ba. Har na bar Kurfi akwai gidaje biyu da ba su sake kawo kwano ba. Wannan har yau yana damuna, don gyaran bai kai duk inda ɓarnar ta kai ba.

Yanzu ni ma ina koyar da darasin nan. Ina zana gidaje uku a allo, in jera jarumi da malamin coci da manomi da mai niƙa. Sai in ƙara mutum ɗaya da babu shi a manhaja: mai leƙe ta taga. In ce musu wannan ya fi duk sauran haɗari, don rabin abu yake gani, ya ba da labarin duka. In suka tambaya a wane littafi yake, sai in ce su dai rubuta, na san shi sosai, tuwon gidan mai niƙa ya ci har wata uku.