Rasuwar Auta, Kular Maganin Goggo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hancin da har yanzu ƙaurin waya bai sake shi ba, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Auta, kula mai sanyaya magani da hasken rana. Ta cika ne ranar baje koli a cibiyar renon ƙananan kamfanonin fasaha, a kan tebur, a gaban masu zuba jari.

An haifi marigayiyar a bayan ɗakin girkin gidanmu. Ni da ƙanwata muka haɗa ta. Ƙanwar tawa ita ce ƙwaƙwalwar kamfaninmu, ni kuwa bakinsa. Gangar jikin Auta tsohuwar kular abinci ce, huhunta fankar wata kwamfuta da ta riga mu gidan gaskiya, ramukan numfashinta kuma da jan ƙusa muka huda su. Ba kyakkyawa ba ce, wannan ko maƙiyi ba zai ce mun ɓoye ba. Saboda Goggo muka yi ta, ƙanwar mahaifinmu mai ciwon suga, wadda allurarta ba ta jure zafi, a unguwar da wutar lantarki sai dai ta leƙo ta gaishe mu ta wuce.

Goggo ce ta raɗa mata suna. Ta ce tunda 'ya'yanta duk sun tashi sun bar mata gida, ga auta ta samu. A gefen gadonta marigayiyar ta zauna, kuma duk wanda ya san ta zai shaida halinta. Ba ta da hayaniya. Daga "zuuu" ɗin da take yi a hankali, sai "ƙyat" idan sanyi ya kai mata, sai "tit-tit-tit" idan Goggo ta manta murfi a buɗe. Safe da yamma kaɗai ake buɗe ta. Ba ta taɓa ba mu kunya ba.

Sai aka ɗauke mu a cibiyar reno. Ba za mu yi butulci ba, mutanen nan sun yi mana alheri. Sun ba mu tebur da wuta da intanet, sun koya mana yadda ake fidda farashi, sun koya mini yadda zan tsaya gaban manya ba tare da hannuna ya nemi aljihu ba. Amma sun ce dole a ga abin da muka ƙera da ido. Na je na roƙi Goggo aron Auta, na yi mata alkawarin da zarar an gama baje koli zan dawo da ita da hannuna.

Nan fa aka taɓa zuciyar tsohuwa. Firjin da ba ya mutuwa a layinmu ɗaya ne, na mai shagon lemo, mutumin da suka daɗe ba sa ga maciji da Goggo a kan ruwan kwata. Saboda mu ta haɗiye girmanta ta kai masa ajiyar allura. Kullum safiya sai ta taka ta gaishe shi, ta tambaye shi iyali, ta saurari bayaninsa a kan tsadar man janareta, sannan ya miƙo mata maganinta kamar shi ya biya.

Rashin lafiyar marigayiyar ya soma ne daga farin jini. A cibiyar, duk baƙon da ya shigo sai an kawo shi teburinmu, an ɗaga murfi, ya sa hannu ya ji sanyi, ya gyaɗa kai. 'Yan jarida sun sa hannu. Masu horarwa sun sa hannu. Mai gadi ma ya gano inda ruwan shansa zai riƙa hutawa. Wadda aka saba buɗewa safe da yamma ta koma wuni baki buɗe, tana kuka "tit-tit-tit", mu kuma muna alfahari muna cewa ku ji, har magana take yi.

Daga nan babban mai horar da mu, wanda muke kira Mai Kwat, ya lura cewa ƙarar fankar tana shiga bidiyon talla, ramukan ƙusa kuma ba su dace da idon mai kuɗi ba. Aka cusa mata soso a ciki, aka naɗe ta da farar roba mai sheƙi, aka manna sunan kamfani daidai inda take shaƙar iska. Ƙanwata ta ɗan yi tarin rashin yarda, amma a makon nan an koya mana cewa mai karɓar shawara shi ne mai ci gaba. Auta ta yi kyau kuwa. Ba ta taɓa yin kyau irin na kwanakinta na ƙarshe ba. Iyalan mamaciyar ba sa zargin kowa.

Ranar baje koli ina tsakiyar jawabin da na haddace, na kai wurin da zan ce a zo a taɓa a ji, wani dattijo cikin masu zuba jari ya taso ya sa hannu. Ya daɗe hannunsa na ciki. Da ya fitar, sai ya shinshina yatsunsa. Auta ta ce "zuu" sau ɗaya, gajere, ta yi shiru. Ni kuwa da yake an horar da ni kada in tsaya ko me ya faru, sai na ci gaba da lissafa rayukan da za ta ceta, hayaƙi na tashi a gefena. An ba mu takardar yabo ta iya gabatarwa.

Ta rasu ta bar faifan sola guda, yana cikin ƙoshin lafiya, da batir wanda ke kwance rai a hannun Allah, da 'yarta da ke cikin kwamfutar ƙanwata a matsayin zane, ta fi uwarta kyau amma ba ta taɓa sanyaya ko cokalin ruwa ba. Cibiyar ta yi alkawarin kayan haɗa ta, mun gode. Marigayiyar ta kuma bar Goggo, wadda har yanzu ba a gaya mata ba. Wannan shi ne abin da ke hana ni cin abinci, domin tun da nake ban taɓa yi mata alkawari na saɓa ba.

Za a ɗauko gawar daga cibiyar ranar Asabar da hantsi, a bayan babur, zuwa gidan Goggo. Ni zan fara shiga, masu rakiya su dakata a ƙofa har sai sun ji an yi shiru. Ana roƙon kada kowa ya ɗaga murfin don ganin ƙarshe, an ɗaga ya isa.

Bayan addu'a, jama'a za su wuce kai tsaye shagon mai lemo. Labari ya iso mana cewa Goggo, da ta ji an gama baje koli, ta je jiya da safe ta yi masa sallama, ta amayar masa da duk abin da ta haɗiye tun ranar da ta soma gaishe shi, har da batun kwata. Muna neman dattawa masu sanyin baki su zo da wuri. Allurar tana cikin firjinsa.