Ranar da ƴan fashin teku suka tare mu

Ko tsufa ya cinye mini tunani, ba zan taɓa mantawa da yawon amarcin da na kai Rakiya bakin teku ba. Ni direban kamyo ne, wato babbar motar kaya, ina jigila tsakanin Gaya da tashar jiragen ruwa ta Kwatano, saboda haka a unguwarmu an ɗauka na san teku ciki da waje. Gaskiyar magana, ta saman katangar tasha nake hango shi. Ita kuwa Rakiya ƴar Tanda ce, ko gadar Malanbil da ke kan iyakarmu ba ta taɓa ƙetarewa ba. A wurinta ni ne wanda ya ga duniya.

Muka sauka a wani otal yamma da Kwatano, mai bukkoki a ƙarƙashin itatuwan kwakwa. Washegari da hantsi aka ce akwai yawo a kwalekwale zuwa inda tafki ke haɗuwa da teku. Na sa shaddata ta aure, muka shiga tare da wasu Turawa.

Wurin yana da kyau, ban ƙi ba. Itatuwa tsaye a cikin ruwa da saiwoyinsu a waje, fararen tsuntsaye, can gaba kuma igiyar teku tana dukan rairayi. Mai yi mana jagora, wani siririn saurayi, yana ta zuba Faransanci kamar an buɗe famfo. Ni kuwa Faransancina na bakin duwan ne, wato shingen kwastan: tsaya, takarda, wuce. Duk da haka na naɗa kaina tafinta.

Na dai gane ya ce a zamanin da, ƴan fashin teku kan ɓoye a irin waɗannan lunguna, su jira jiragen Turawa masu kaya su auka musu. Daga nan ya ƙara wata doguwar magana yana murmushi. Kowa ya yi dariya. Ni ma na yi, har tawa ta fi ta kowa ƙarfi.

"Malam, me ya ce?" in ji Rakiya.

"Ya ce yanzu babu su. Ko da akwai ma, ai kina tare da ni." (Allah ya gani, babu wanda ya tilasta mini ƙara wannan ta ƙarshen.)

Ba mu yi nisa ba sai ganga ta tashi daga cikin itatuwa. Wani kwalekwale mai baƙar tuta ya fito da gudu ya nufo mu, cike da ƙarti masu jan ɗankwali a ka, suna ihu suna kaɗa takubba. Na gabansu ya rufe ido ɗaya da baƙin ƙyalle.

A nan ya kamata in ce na yi tunani. Ban yi ba. Na dai tsinci kaina a cikin ruwa. (An haife ni a bakin kogin Kwara, amma ban iya iyo ba. Inna ta hana.) Na yi ta dukan ruwa da hannu bibbiyu, ina kurɓar gishiri, ina kalmar shahada iya ƙarfina. Cikin wannan hali na ji muryar Rakiya daga sama, a natse.

"Malam. Malam! Tashi tsaye."

Na tashi tsaye. Ruwan iya gwiwa ne.

Ganga ta yi shiru. Turawa suka ɗauka ina cikin ƴan wasan, suka fara tafi, wata tsohuwa har da ɗaukata foto. Sai a lokacin na lura takubban na katako ne, an shafa musu fenti. Ashe doguwar maganar da na yi wa dariya, sanarwa ce cewa ma'aikatan otal za su nuna mana yadda fashin yake a da, kada kowa ya tsorata.

Shugaban ƴan fashin ya ɗage ƙyallen idonsa, ya ƙura mini ido, sannan ya ce da Hausa garau, "A'a! Direba! Ba kai ne mai kamyon albasa na Gaya ba?"

Ɗan Malanbil ne. Na sha rage masa hanya. Shi ya kama hannuna ya mai da ni kwalekwale, takalmina ɗaya ya zauna a laka.

Muka koma bukkarmu ni da Rakiya. Tana matse mini shadda ta tambaya, ba tare da ta ɗago kai ba, "Malam, da za ka yi tsallen nan, ka tuna ina ciki?"

"Taimako na tafi nemowa."

"A ƙarƙashin ruwa?"

Ta shanya rigar da kyau, har da gyara mata wuya.

Labari ya riga mu isa Gaya. Yau a tasha, tun daga masu lodi har mai shayi, Kyaftin suke kirana, wasu har da sarawa. Surukina kuwa duk sanda na je Tanda gaisuwa sai ya tambaye ni, fuska a ɗaure, ko hanya lafiya, babu ruwa.

Abin da na koya kaɗan ne, amma na riƙe shi gam. Mutum in zai gudu ya bar matarsa, ya fara tabbatarwa akwai abin gudun. In kuma har ya faɗa ruwa, kafin ya tara wa kansa jama'a da salati, ya gwada miƙewa tsaye.