Rijiyar Agege a Tsakiyar Teku

Farkon mulkin farar hula ina koyon aiki a wani ofishin zana taswira da hotunan tauraron ɗan'adam. Aka ba ni na'urar GPS in auno inda za a haƙa wa unguwarmu a Agege rijiyar burtsatse. Na tara dattawa, na ɗaga na'urar sama, na kwafi lambobi biyu ina hura hanci.

Da oga ya shigar da su kwamfuta a gaban mai unguwa, sai ɗigon rijiyar a taswira ya faɗa tsakiyar teku. Na ce, "Ko tauraron ne ya gusa?" Ashe lambar sama na rubuta a ƙasa, ta ƙasa kuma a sama.

Mai unguwa ya ce, "Ɗana, ruwan sha fa muka roƙa."

Har yau mahautan layinmu na tambayata, "Injiniya, yaushe jirgin ɗiban ruwa zai tashi?"