Rasuwar Kofur, Bokitin Gidan Saja Sanda

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fuska mai cike da kunya, Malam Ridwanu Sanda na Agege, akawun sito a wani kamfanin sabulu da ke Ilupeju, yana sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da duk wanda ya taɓa wanka a gidansu rasuwar Kofur, bokitin ƙarfe na gidan marigayi Saja Sanda. Ya rasu ranar Lahadi bayan la'asar, cikin watan Yuni na shekarar dubu biyu, yana da shekara hamsin da huɗu a bakin aiki, bayan gajeriyar jinya mai nauyin gaske.

Marigayin ya shigo gidan ne a shekarar 1946, rataye a hannun Saja Sanda, mahaifin Ridwanu, lokacin da aka sallami sojojin da suka dawo daga yaƙin Bama. Ko ba shi aka yi, ko mantawa ya yi bai mayar bariki ba, wannan magana ce da iyali ba su taɓa ganin amfanin bincikawa ba. Aka sa masa suna Kofur, domin a gidan nan daga maigida sai shi. Ita kanta Hajiya Azumi, mahaifiyar Ridwanu, da aka kawo ta amarya a nan ta tarar da shi.

Duk wanda ya zauna da marigayin zai shaide shi da haƙuri da riƙon amana. An yi wankan jego tara da shi bai taɓa cewa ruwan ya yi zafi ba. Sau uku mai walda yana sake masa gindi, sau ukun yana komawa aiki a ranar. A gidan da mutum goma sha bakwai ke raba banɗaki ɗaya, bokiti ne ke tsaya wa mai shi layi da safe, kuma kowa ya san na roba ƙafa ake sawa a ture shi baya. Kofur kuwa inda aka ajiye shi nan ake samunsa. Mutum biyu ne suka taɓa gwada ture shi, ɗayansu har yau ba shi da farcen babban yatsa.

Ba mai yawan magana ba ne. Idan an ɗaga shi, mariƙinsa ya ce ƙiii. Idan an dire shi, mariƙin ya faɗi a baki ya ce ƙwal. Da waɗannan kalmomi biyu ya tsare mutuncin gidan shekara da shekaru, don ƙofar banɗakin ba ta taɓa samun sakata ba, wanda ya ji ƙwal ya san da mutum a ciki. Tun da ciwon yanar ido ya rufe ganin Hajiya, da wannan ƙara take gane wanda ya ɗebo mata ruwa, har ta faɗi ko da fushi ya ɗebo.

A shekarar 1991 da Saja Sanda ya cika, a cikin Kofur aka kai ruwan da aka yi masa wanka. Tun daga ranar Hajiya ba ta sake wanka da wani bokiti ba. Ranar da za ta tafi Kano zaman jegon autarta Fareeda, sai da ta tsaya a bakin zaure ta ce, “Ridwanu, ka kula mini da Kofur. Da shi aka wanke mahaifinka, da shi za a wanke ni.” Ya ce to, hankalinsa na kan takardar da ke aljihunsa.

Daga wannan takarda ciwon ajali ya faro, kuma a yi wa Ridwanu adalci, niyyarsa mai kyau ce. Daɓen banɗakin ya tsufa, gansakuka ta cinye shi, bara har Hajiya ta zame ta kwana uku ba ta taka ƙafa ba. Shekara biyu yana zuba adashi don ya gyara mata wurin, ya kuma shirya a gama cikin kwana arba'in ɗin da ba ta nan, ta dawo ta tarar. Mutum ne da ko allura ba ta ɓata a sitonsa, saboda haka ya ja layi arba'in da uku na lissafin kaya a takardar: tayil ɗin Italiya, masai na zama, shawa, fayif, siminti, yashi, sakatar ƙofa, har da kuɗin shayin ma'aikata. Da ya haɗa sai ya ga ya haura abin da ke hannunsa da naira ɗari uku da hamsin. Ya bi layukan da biro sama da ƙasa, ya tsaya a kan na talatin da takwas, kwanon ɗaukar siminti, ya soke shi.

Matarsa Najiba ta leƙo ta ce, “Baban Haidar, wanda ya sayi tayil ɗin Italiya kwano ne zai gagare shi?” Ya ce birkilan da ba shi da kwano ai ba birkila ba ne. Da Yakubu birkila ya iso daga Abule Egba hannu rabbana, sai ya dubi tsakar gida ya ce, “Oga, no wahala, za mu yi maneji.” Ridwanu ya ji daɗin kalmar ƙwarai, bai tambayi da me za a yi manejin ba, ya kama danfo, motar hayar Legas, ya tafi aiki.

Ranar wata Laraba Yakubu ya cika marigayin da kwaɓaɓɓen siminti har baki. Hadari ya taso, ya tura shi bayan tarin bulo ya ce gobe da sassafe. Gobe ta waye da yajin aikin gama-gari kan ƙarin kuɗin mai, babu danfo, okada kuwa, wato acaɓa, sai mai tsautsayi. Kwana shida marigayin yana kwance a bayan bulo, 'yan gida suna ta maneji da na roba, babu wanda ya ce ina Kofur. Ranar da aka gano shi, Ridwanu ya kama mariƙin ya ja. Ya ce ƙiii, amma bai tashi ba.

An yi iya ƙoƙari. Maƙwabcinsu Mu'azu ya ce a jiƙa shi da ruwan gishiri, aka jiƙa. Wani ya ce a hura masa wuta a gindi, aka hura, ya yi baƙi kawai. Ranar Lahadi Ridwanu ya aro guduma da cizal, ya zauna tun hantsi yana sara a hankali, gumi na zuba, har ya ci rabi. Da ya ga nasara ta kusa sai ya ƙara ƙarfi. Cizal ya ratsa gindin, gefen ya tsage tun daga ƙasa har lambar sojan da ke jikinsa. Abin da marigayin ya faɗa na ƙarshe shi ne ɓas, kalmar da ba a taɓa ji daga bakinsa ba. Mai waldan da ya yi masa aiki sau uku ya zo ya juya shi, ya cire hula, ya ce sai haƙuri. Garin neman gira an rasa ido, kuma Ridwanu ya yi kuka a ranar, kuka na gaske, bai ɓoye wa kowa ba.

Ba za a rufe wa jama'a cewa shaiɗan ya so ya yi tasiri ba. Ridwanu ya je kasuwar Iyana Ipaja ya sayo wani bokitin ƙarfe a kan kuɗin kwano uku, ya ɗaura masa mariƙin marigayin. Najiba ta rufe ido, ya ɗaga, ya dire. Ta ce, “Ni da na zo gidan nan jiya ban yarda ba, balle Hajiya.” Ya kwance mariƙin ya sa a aljihu, inda takardar take a da.

Marigayin ya bar moɗa ɗaya, da buta biyu, da dutsen goge kaushi, duk tsofaffin abokan aikinsa. Ya kuma bar baƙin da suka zo gadonsa: tayil mai ruwan ƙwai da Hajiya ba za ta gani ba, da sakatar da aka sa don ta maye gurbin muryarsa, da shawa. Ita shawar har yanzu ko ɗigon hawaye ba ta zubar ba, domin rabon layin nan da ruwan famfo tun zamanin soja. Ridwanu bai sa tanki a lissafi ba, saboda masu neman ƙuri'a sun rantse cewa farar hula na dawowa ruwa zai dawo. Wato sabon banɗakin, da duk kyansa, sai an shiga da bokiti.

Gawar tana zaure a lulluɓe da buhun siminti, mai son ganinta ya zo da rana. 'Yan gwangwan sun zo sun taya, an sallame su. Ana godiya ga masu kawo bokitin roba, amma a dakata haka, an samu huɗu.

Ba za a yi jana'iza ba sai mai shi ta dawo, don ita ce za ta faɗi inda za a sa shi. Za ta iso ranar Asabar a motar Kano. Ana roƙon maƙwabta, musamman mata masu saurin zuwa sannu da zuwa, kada kowa ya riga Ridwanu magana. Shi ya soke layin, shi ya riƙe gudumar, shi zai je tasha shi kaɗai da mariƙin a aljihu. Masu addu'a su fi ba da ƙarfi a wajensa, marigayin dai ya huta.

Jiya direban motar, kafin ya juya Kano ɗauko su, ya tsaya a ƙofar gida da saƙon Hajiya, ya ba da shi yadda aka ba shi: “Ka ce wa Ridwanu kada ya wahalar da kansa da wani tanadi, ni ba na son komai. Ya dai sa mini ruwan zafi a Kofur, in wanke ƙurar hanya.”

Ana sa ran isowar motar da ƙarfe bakwai na safe.