Gishirin Da Na Ɗura Wa Murjanin Kawu

Ba zan taɓa mantawa da bazarar da aka cire wa Kawu Tanimu yanar ido ba, kuma ko na so in manta mutanen ƙauyenmu ba za su bar ni ba. Ni malamin kimiyya ne a wata sakandare da ke wajen Minjibir. Ku riƙe wannan da kyau, don a nan duk abin kunyar yake.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne. Ya daɗe a Jidda yana aiki a shagon sayar da kifin ado, da ya dawo gida noma sai ya dawo da wata jaraba: ƙaton akwatin gilashi cike da ruwan gishiri irin na teku, da murjani a ciki. Ba murjanin wuya na mata ba, mai rai nake nufi, wani kore, wani ja, wani yana kaɗawa kamar gero in iska ta taso. A shekarun nan da fetur ya gagari kowa, mudun masara ya zama abin hira a ƙofar masallaci, Kawu ya sayar da ɗaya daga cikin shanun huɗarsa ya sayi sola da batir don kada famfon akwatin ya tsaya. Mutane suka ce tsoho ya zare, yana kiwon duwatsu. Shi kuwa idonsa sai ƙara dushewa yake, har ta kai sai dai ya zauna gaban gilashin, matarsa Hajiya Yalwa tana faɗa masa wanne ya buɗe yau, wanne ya yi fushi.

Da za a tafi da shi Kano aikin idon, shi da Hajiya za su yi mako uku a gidan 'yarsu, sai ya aika aka kira ni. Ya ce a duk dangi ni ne mai ilimin ruwa (kaina ya ƙara girma nan take). Ya dafa gilashin ya ce, "Wannan nake so in fara gani da sabon idona in na dawo."

Ya shiga nuna min kaya: 'yan kwalaben gwajin ruwa, bokitin gishirin teku da ake kawo masa daga Legas, jarkokin tataccen ruwa, da wata 'yar na'ura da ake leƙawa da ido ɗaya a ga yawan gishiri. Ya laluba wani layi da aka ja a jikin gilashin, ya fara cewa in ruwa ya sauka ƙasa da nan, sai in... Ban bari ya ƙarasa ba. Na ce, "Kawu, na sani." Hajiya ta buɗe baki za ta yi magana, ita ma na ce mata na sani. Suka ba ni makulli suka tafi.

Zafin bazarar nan kun san shi. Ga fanka tana hura saman ruwan don ya yi sanyi, kullum sai in tarar ya sauka da kamar yatsa biyu. Sai na yi tunani irin na masana: akwatin nan teku ne, abin da ya ragu ruwan teku ne, to da ruwan teku za a cike. Na aro sikelin ɗakin gwajin makaranta, kowace safiya in auna gishiri daidai wa daida, in dama a jarka, in tuttula har layi. Wallahi har tausayin Kawu nake ji, ina cewa murjaninsa bai taɓa samun kulawa irin wannan ba.

Kwana takwas, mai kaɗawar nan ya ƙanƙance ya daina motsi. Kwana goma, jan ya fara fitar da wani yauƙi mai ruwan ƙasa. Na baje kwalabe a tabarma, ina ɗiga magani ina girgizawa ina gwada launi da takarda. Tsamin ruwa daidai, dattin kifi babu, komai lafiya. Abin ya fara ba ni haushi. Na zargi ruwan burtsatse, na wanke matatar ruwan akwatin sau biyu. Na zargi maƙwabciya da turaren wuta, har sai da muka yi 'yar sa-in-sa ta kan katanga. Daga ƙarshe na yanke hukunci zafi ne, na ɗauko fankar ɗakina na ƙara a kan ta Kawu, ni ina kwana cikin gumi saboda duwatsu. Ruwa ya koma sauka yatsa huɗu a rana, ni kuma na ninka gishirin da nake aunawa. (Na'urar leƙen nan tana cikin gidanta, ko buɗewa ban yi ba. Me zan auna, ni da na dama da hannuna?)

Kawu yakan bugo waya ya tambaya, in ce masa lafiya lau, har suna gaishe shi. Alhali a lokacin rabinsu sun zama fari fat.

Ranar da suka dawo, gida ya cika da 'yan dubiya bayan la'asar: liman, maƙwabta, har da shugaban makarantarmu. Kawu bai ko zauna ba, ya wuce gaban akwatin ya cire baƙin tabaran da likita ya ba shi. Ya duba. Ya matsa kusa ya sake dubawa. Sai ya juya wajen Hajiya, murya ƙasa-ƙasa, ya ce, "Yalwa, aikin nan bai yi ba. Har yanzu fari-fari nake gani."

Ban taɓa jin kunya irin ta lokacin nan ba, har da ciwon zuciya. Dole ni na buɗe baki na ce masa idonsa lafiya ƙalau, abin da yake gani haka yake.

Da na tsaya a nan da sauƙi. Ina! Sai na gyara tsayuwa na shiga lacca a gaban mutane, ina bayanin ɗumamar yanayi da gurɓacewar ruwan ƙasa, ina ɗaga kwalabe ɗaya bayan ɗaya. Liman yana gyaɗa kai don kara. Hajiya kuwa ba ta saurare ni ba, bokitin gishiri take leƙawa, wanda ya kamata ya kai su kaka, ga shi saura ɗan na gindi. Ta tsoma yatsa a akwatin ta lasa, ta yi maza ta tofar a tsakar gida. Ta tambaye ni da me nake cike ruwan, na faɗa mata, har da alfahari.

Ta ce, "Malam, in miyarka ta ƙafe a kan wuta, ruwa kake ƙarawa ko gishiri?"

Kawu ya ɗiga ruwan a kan na'urar, ya leƙa da sabon idonsa, ya ce layin ya kusa fita daga ma'aunin. Ruwa ne kawai ke tashi, gishiri yana nan inda yake, abin da ya so ya faɗa min ke nan tun ranar farko. Sai shugaban makaranta ya yi gyaran murya, ya tambaya ko ba ni ba ne makon jiya na ari rishonsa na tafasa wa 'yan aji biyu ruwan gishiri, don su ga abin da ke saura a gindin kwano. Ni ne. Har jarrabawa na yi musu a kai, na kayar da mutum bakwai.

Kawu bai yi min faɗa ba, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi. Ya zauna yana kallon wani ɗan kore guda ɗaya da ya rage a lungu, bai fi kan babban yatsa ba, ya ce wannan ma ya isa mutum ya gwada ido. Kusan mako biyu aka yi ana rage gishirin a hankali da ruwa zalla. Hajiya ke ba da umarni, ni ke ɗaukar jarka. Ɗan koren ya rayu, sauran kuwa suna nan a kan tagar zaure, farare tas, duk mai shiga sai ya tambayi labarinsu kuma sai an ba shi.

Har yau a kasuwa Malam Gishiri ake kira na, ina amsawa. Amma yanzu in babba ya fara min bayani, ko na yadda ake ɗaura wa guga igiya ne, nakan kama bakina har sai ya kai aya.