Katifar Da Aka Rataye a Bango

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma ƙugun da bai daina ciwo ba tun da abin ya faru, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki da maƙwabta rasuwar katifarmu, wadda ta bar mu bayan gajeriyar jinya a hannun maigidana. Ta rasu tana da shekara talatin da ɗoriya. Duk tsawon zamanta da mu ba a taɓa jin kanta da kowa ba, kuma ba ta taɓa fita daga gidan nan ba sai in an kai ta shanya.

Marigayiya ta zo mana a kan rufin motar haya, ɗaure da igiya, tana cikin ledarta. Ni da maigida muka kinkimo ta zuwa sama, kuma a kan matakalar nan muka yi faɗanmu na farko, a kan wa zai yi gaba wa zai tallafo daga baya. Ta ji komai, ba ta faɗa wa kowa ba. Haka halinta ya kasance har ƙarshe.

Mai haƙuri ce. 'Ya'yanmu huɗu duk sun yi mata abin da jarirai ke yi, suka girma suka mayar da ita filin tsalle, ba ta taɓa ƙorafi ba. Ta yi jinyar mai ƙyanda, ta yi jinyar mai karaya, ta ɗauki mahaifiyata wata da watanni lokacin da ƙafa ta ƙi. A ƙarƙashinta nake ɓoye almakashina na ɗinki don kada yara su yanka kwali da shi. Ba ta da yawan magana. Iyakarta in maigida ya dawo aiki ya zube a kanta, sai ta ce “fuuuu”, dogon numfashi irin na wadda ta san nauyin da aka ɗora mata kuma ta yarda da shi.

Amma babbar baiwarta, wadda saboda ita nake wannan rubutu, wani kwari ne da shekaru suka haƙa mata a tsakiya. Ni da maigida Allah ya zuba mana taurin kai iri ɗaya. Shi bai iya cewa “yi haƙuri” ba, ni ma ban ga dalilin da zan riga shi koya ba. In muka yi faɗa, sai kowa ya kama bakin gadonsa ya juya baya, har da riƙe katako. Marigayiya ba ta cewa komai. A hankali take gangaro da mu, kafin gari ya waye sai mu tsinci kanmu a tsakiya, kafaɗa da kafaɗa. Shi ya ce na danne masa hannu, ni in ce ya ja mini bargo, daga nan sai maganar shayi, faɗa ya wuce. Dangi na yabon zamanmu, suna cewa ba a taɓa zuwa yi mana sulhu ba. Yau nake bayyana musu cewa mai sulhun tana cikin gida, kuma ita ce aka yanka.

Ciwon ajalinta ya samo asali ne daga ritayar maigida. Da ya bar aikin gidan ruwa, sai ya gaje ƙaramin ɗakin da samarinmu suka bari, ya shigar da amfilifayarsa ta ƙara sauti da sifikoki biyu da kwalayen faifai da kaset da ya daɗe yana tarawa. Na yi murna, na ce gara wannan da zaman bakin titi. Ran nan ya kira ni, ya tsaya tsakiyar ɗakin ya yi tafi sau ɗaya.

“Maman yara, kin ji?”

Na ce, “Na ji ka yi tafi.”

“A'a, abin da ya biyo bayan tafin. Wannan ziririn. Ɗakin nan ba shi da lafiya.”

Ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Wai sauti in ya fito daga sifika, wani yana zuwa kunne kai tsaye, wani kuma sai ya bugi bango da tayil da silin, ya iso a makare ya tarar da ɗan uwansa, su cakuɗe. Wai ƙaramin ɗaki ya fi muni don bangayen na kusa da juna, kuma rugugin ganga yana taruwa a kusurwa ya ƙi tafiya. Shekara da shekaru yara na kwana a ɗakin nan, babu wanda sauti ya taɓa tare wa hanya. Na dai ce Allah ya sawwaƙe, na koma kan keken ɗinkina.

Aka shiga neman magani. Ya janye sifikokin daga jikin bango, ya karkato da su suna kallon kujera ɗaya tilo da ya dasa a tsakiya. Kafet ɗin falo ya yi hijira, labulen baƙi ya bi shi. Ya bi shagunan unguwa yana roƙon kiret ɗin ƙwai har masu shago suka fara tambayata ko kiwon kaji za mu fara. Ya manne su a bango, sauti bai canja ba, sai dai kyankyasai da suka sami gidaje masu ɗaki-ɗaki. Yaran unguwa suka laƙaba masa Injiniya, shi kuwa ya amsa.

Akwai ranar madubi, wadda nake so a rubuta ta a tarihin marigayiya. Ya zauna a kujerarsa, ya ce in manna madubina a bango in riƙa jan sa a hankali, duk inda ya hango sifika a ciki, nan ne sauti ke buguwa, nan za a toshe. Na yi sabon ɗinki a ranar, na ɗaura ɗankwalin da ya dace da shi. Na bi bango ina jan madubi, shi yana cewa, “Gaba kaɗan. Baya. Tsaya nan!” Ya ga sifika sau huɗu. Wadda ke riƙe da madubin bai ce ya gan ta ba.

Likitan da ya yanke hukunci shi ne abokinsa mai gyaran rediyo. Ya zo ya yi nasa tafin, ya girgiza kai, ya ce kwali ba zai yi ba, sai soso mai kauri, wanda ya yi laushi yana shan iska. A kan hanyarsa ta fita ya hangi marigayiya a tsakar gida an jingine ta tana shan rana. Ya tsaya, ya danna ta da babban yatsa kamar mai taya rago, ya dubi maigida, maigida ya dube shi. Na ga wannan kallo da idona, amma na ɗauka yabo ne.

Kafin in tafi wurin 'yarmu da ta haihu, maigida ya kawo mini yadi mai ruwan toka, ya ce in ɗinka masa jakunkuna masu kusurwa huɗu, ya ba ni awo. Na tambaye shi na mene ne, ya ce na aiki. Na ɗinka, har da kalmasa baki da sa zif, don ba na sakin aiki da ƙazanta. Ashe likkafaninta nake ɗinkawa da hannuna.

Ban halarci rasuwar ba. Kafintan da maigida ya ɗauko don ya haɗa katakan da za a rataye ta da su ne ya ba ni labari daga baya, yana ta sunkuyar da kai. Ya ce, “Wallahi Mama, ni firam kawai aka ce in yi. Baba ne da kansa ya yi yankan, da wuƙar burodi. Amma ba ta sha wahala ba. Da aka sa wuƙar ta ce ‘fuu’ sau ɗaya, shi ke nan.”

Da na dawo, maigida ya tarye ni da fara'a tun daga ƙofa, ya karɓi jakata, abin da bai saba ba. Ya kai ni ɗaki ya yaye zanin gado. Sai ga wata baƙuwa, fara fat, a miƙe sambal.

Ya ce, “Ta masu ciwon baya ce. Likitoci ma ita suke cewa a saya. Kin huta da wancan ramin.”

Na ce, “Maigida, ina katifata?”

Ya ce, “Zo ki ji ta.”

Ya ja ni ƙaramin ɗaki. Ga ta nan gunduwa-gunduwa cikin ɗinkina, biyu a bangon dama, biyu a na hagu, ɗaya a silin, sauran an tsayar da su a kusurwa kamar ɗaliban da suka yi laifi. Ya yi tafi. Babu abin da ya biyo baya. Ya dube ni yana jiran yabo, ni kuma na faɗi wasu maganganu da ba su dace da takardar ta'aziyya ba, ciki har da batun wanda ya fi wani amfani a gidan tsakaninsa da marigayiya. Ɗakin ya shanye su tas, ko maƙwabta ba su ji ba, amma shi ya ji kowace kalma tsaf, don an gyara wurin.

Tun daga ranar ba mu yi wata magana ba in ban da “ga abinci” da “an kawo wuta”. Baƙuwar katifa ba ruwanta da mu. Inda ka kwanta nan za ka tashi. Shi yana gabas ina yamma, tsakaninmu fili fetal da za a iya shanya wanki. Ina jin sa yana juyi, na san yana ji na. Rannan ya yi gyaran murya har sau biyu, na buɗe kunne, sai ya ce wai ko na ga tocilarsa. Ni ma na taɓa buɗe baki, abin da ya fito shi ne a rage fanka. Ba mu taɓa daɗewa haka ba, kuma gaskiya ina jin tsoro. Mun tsufa da koyon abin da katifa ta ɗauke mana tun muna yara.

Marigayiya ta rasu ta bar gadon katako ɗaya, wanda ya ƙi sabawa da baƙuwar yana ta kuka duk motsi. Ta bar filo biyu da suka yi zaman aure tare da ita, da zannuwan gado da yanzu suka yi wa magajiyarta kaɗan, da almakashi da ya rasa mafaka. Ta bar 'ya'ya huɗu, waɗanda da aka gaya musu suka yi ta dariya a waya, Allah ya shirye su. Ta kuma bar tsofaffi biyu da ba sa magana da juna.

Adalci ya sa dole in faɗi wani abu, ko da yake yana ci mini rai. Shekaranjiya da maigida ya fita kasuwa na shiga ɗakin, na zauna a kujerar tasa, na sa wani tsohon kaset da yake kunna mini a motar wansa tun kafin a yi aure. Jama'a, aikin ya yi. Mawaƙiyar ta tsaya a tsakanin sifikokin kamar in miƙa hannu in taɓa ta. Na ji jan numfashinta kafin ta ɗauki baiti, na ji yatsan mai kiɗa yana zamewa a kan tsirkiya, ganga ta daina rugugi ta koma bugawa ɗaya-ɗaya. Ashe duk shekarun nan rabin waƙar muke ji. Na yi kuka sosai, kuma marigayiya ta shanye kukan daga bango kamar yadda ta saba.

Da na tashi fita ne na ga wani abu a bayan ƙofa, a naɗe cikin tsohon zanina, an ɗaure shi da kyau. Na kwance. Tsakiyarta ce, kwarin nan namu, ba a taɓa shi da wuƙa ba sai ta gefe. Na kira kafinta na tambaye shi. Ya ce mai gyaran rediyo ya ce wurin ya sirance, ba zai sha sauti ba, a jefar. Kafintan ya ce shi da kansa ya kai shi bola, Baba ya bi shi da sauri har takalmi na fita, ya karɓo, ya kakkaɓe, ya ce wannan ba na zubarwa ba ne. Maigida bai faɗa mini ba, kuma na san ba zai faɗa ba.

Saboda haka ga tsarin zaman makoki. Za a yi shi gobe da la'asar a ƙaramin ɗaki, inda mafi yawan marigayiya take. Ana roƙon dangi da maƙwabta su yi ta'aziyya daga gidajensu, wurin ba zai ɗauki jama'a ba. Mai gyaran rediyo kada ya zo. An fitar da kujerar nan tilo an kai ta baranda, kuma a daidai inda ƙafafunta suka yi shaida a kafet an shimfiɗa abin da ya rage na marigayiya. Injiniya ya sha faɗa cewa wurin jin sauti na gaskiya kai ɗaya kawai yake ɗauka. Masu makoki biyu ne, don haka sai a matso.

An liƙa wannan sanarwa a ƙofar ɗakin don wanda abin ya shafa ya gani. Kaset yana ciki, an mayar da shi farko. Ni zan zauna a bakin dama, shi ya zauna a bakin hagu, kowa ya juya baya in ya ga dama. Ba a buƙatar kowa ya ce komai. A zauna kawai, marigayiya ta san aikinta.

Sanarwa daga mai ɗinki, matar Injiniya, a madadin iyalai.