Rasuwar 'Yar Lele, Wayar da Ta Mutu Ta Bar Bakinta a Buɗe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani abu kuma da ya fi kama da haushi, ni tsohuwar mai ɗinki ta shagon kusa da famfo, a madadin 'yata mai yanka, da kuma keken ɗinkina, ina sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da duk macen da na taɓa zagaya wa tef a ƙugu, rasuwar wayata, wadda kuka sani da 'Yar Lele. Ta cika ranar Talata da hantsi a kan teburin mai gyaran waya, bayan shekara shida a hannuna.

An ce ba a faɗin aibin mamaci. Zan yi iya ƙoƙarina. Bari in fara da alherinta, don tana da shi.

Marigayiya ba ta da raki. Sau uku tana faɗowa daga teburin yanka, sau ɗaya na ɗora mata dutsen guga da ɗuminsa, ba ta ce uffan ba. Ita ta ƙarasa koya mini rubutu da girmana, harafi bayan harafi, ina dannawa da yatsan da allura ta gama hudawa. Da safe takan ce "tirrin-tirrin". In saƙo ya shigo ta ce "ƙyal". In yunwa ta kama ta sai ta yi ɗan kukan nan "tuuut", kamar mage a bakin ƙofa. A gwangwanin zare take kwana. Jikokina sun ce na fi sonta da su, ban musa ba, don ita ba ta taɓa ɓatar mini da almakashi ba.

Kafin zuwanta, shekara talatin da 'yan kai, da alli nake rubuta awon mata a bayan ƙofar shago. Ƙirji, ƙugu, hannu, tsawo. Ranar da mace ta karɓi kayanta sai in jiƙa tsumma in goge a gabanta. Haka wadda ta koya mini ɗinki take yi, ta kuma ce mini, "Tef ya fi miji sanin mace. Abin da ya gaya miki, goge shi." Gaskiya ta faɗa. Mu muke sanin ciki kafin suruka ta sani. Mu muke sanin wadda ta daina cin abinci a gidanta.

Da 'yata ta yi aure ta koma wani gari, ga shi ita ce mai yanka mini, sai ta buɗe mana shafi a intanet. In rubuta awo a nan, ta karanta a can, ta yanka, mai mota ya kawo. Ta ce, "Mama, wannan ba ya gogewa, ko ruwa ko gobara." Ku ji fa, murna na yi. Har tsummana na jefar.

Wata biyar da suka wuce, aminiyata Uwar Biyu, wadda muka yi goyo tare, ta shigo shago ta tura ƙofa, ta ɗaga hannuwa. Na auna, na dubi tef, na sake aunawa. Inci huɗu babu.

Ta ce, "Daina kallona haka, tsohuwar banza. Ciwon ya dawo. Yaran nan, ɗaya na shekarar ƙarshe a karatu, ɗaya na da cikin fari. Ki ɗinka mini yadda ba za su gani ba. Ni zan gaya musu da bakina in lokaci ya yi."

Na ce, "Ke da kike da kafaɗa kamar ta ɗan dako, yau ni zan ara miki?"

Muka yi dariya, muka share ido. Na sa mata soso a kafaɗa, na ninka yadi biyu, na tattara ƙugu. Rigar ta fito, har tagwayenta suna cewa uwarsu ta yi ƙiba. Ban taɓa alfahari da ɗinki irin wannan ba. Amma don 'yata ta san yadda za ta yanka, na rubuta mata a shafin, da dalilin da komai, har da "kada yaranta su gane".

Sai wata mai shirin tafiya ta nemi awonta. Na ce wa 'Yar Lele ta tura mata adireshin shafin. Na ɗauka nata kaɗai za ta gani, kamar yadda nake nuna wa mace layinta a bayan ƙofa in tare sauran da jikina. Marigayiya ta ce "ƙyal", ta tura. Wayar da sai ta tambaye ni sau biyu kafin ta goge hoton yadi, ranar nan ko "kin tabbata?" ba ta ce ba. Matar ta tura wa telanta, tela ya tura wa wata don a sha dariya, ranar Lahadi abin ya faɗo guruf ɗin matan unguwa. 'Yar Uwar Biyu mai cikin nan tana cikin guruf ɗin. A nan ta karanta labarin uwarta, tsakanin tallan takalmi da cigiyar maɓalli.

Ranar Litinin Uwar Biyu ta zo. Ba ta shigo ba. Ta miƙo rigar ta ajiye a kan keke, ta ce, "Abu ɗaya na roƙe ki. Na ce da bakina zan gaya musu." Ta juya. Shekara arba'in tana zagina kullum, ranar nan ko zagi ban samu ba.

Na ɗauko 'Yar Lele don in goge shafin, sai na tarar jinya ta kama ta. Batirinta ya kumbura ya ɗaga bayanta, fuskarta ta yi duhu, ta ce "tuuut" sau ɗaya ta yi shiru. Shekara shida ko mura ba ta yi ba, sai ranar da za a titsiye ta. Kalmar sirrin shafin tana cikinta, 'yata kuwa ta manta tun tuni.

Mai gyara ya buɗe ta, ya girgiza kai. Ya ce, "Iya, ko ta tashi, wanda ya kwafa ya kwafa. Da ma irin shafin da ke goge kansa kuka yi amfani da shi. Da an karanta sau ɗaya, ko in kwana ɗaya ya cika, sai ya ɓace."

Na ce, "Wato ƙofa da tsumma."

Ya fara dariya, ya ga fuskata, ya bari. Ashe akwai irin wannan, kuma marigayiya ta sani, muna kwana ɗaki ɗaya ba ta taɓa tsegunta mini ba. Na san yatsana ne ya danna, ba sai an tuna mini ba. Amma wanda ya fi ka sani ya bar ka ka faɗa rami, me sunansa?

Ta rasu ta bar caja mai karkataccen kai, da rigar roba da ta yage a gefe, da layi ɗaya. Ta kuma bar babban ɗanta, shafin nan, yana nan da ransa, lafiyarsa lau, yana bin gida-gida da awon mata saba'in da ɗaya. Ina neman gafararku duka, musamman matar mai kemis, wadda ta shekara tana ce wa mutane tana rage ƙiba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi a shago. Za a naɗe ta a ragowar farin yadi, a sa ta a gwangwaninta, a kai wa mai gyara ya cire abin da zai cire. Akwai shayi. Mai zuwa ta ajiye wayarta a kwando a bakin ƙofa. An sake shafa wa bayan ƙofar baƙin fenti, na sayi alli, na yanki sabon tsumma. Wannan takarda da na manna, don Allah kada a ɗauki hotonta. Ranar Asabar zan cire ta in sa a wuta.

Uwar Biyu, na san wata za ta kai miki labari. Kujerarki ta bakin taga tana nan, ban bar kowa ya zauna ba. Na cire soson, na mayar da rigar daidai jikinki. Ban rubuta awon ko'ina ba. In kin zo, ko zagina kawai ki yi.